Ba kowace 555 ce 555 ba

"555 ai 555 ce." Na sha jin wannan magana a rumfunan masu gyaran kayan lantarki daga Gwarzo har Kabo, kuma ni ma na taɓa faɗar ta. Kuskure ce, kuma talaka ne ke biyan kuɗinta.

Bara da damina wani mai shago a Kabo ya kawo min ɗan allon da ke kunna masa fitilar sola da magariba. Ruwa ya shiga, ai-sin ta mutu. NE555 ce. Ba ni da irinta a lokacin, sai na zaro LMC555 daga gwangwanin kaya, ƙafafu takwas suka shiga ramukansu daram, na narka dalma, fitila ta kama. Kwana uku sai ga shi ya dawo, fuska a murtuke. Yaron shagona bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Oga, jabu aka sayar mana a birni." Na kusa yarda, don ta fi daɗin ji. Da na je na ɗora mita a kan batirin da tsakar rana, sai na ga ya haura bolt 15. An haɗa farantin sola da batir kai tsaye, babu kwantirola.

Iyakar LMC555 bolt 15 ce. NE555 kuwa tana aiki daga 4.5 zuwa 16, tana iya jure har 18. Abin da tsohuwar ta daɗe tana haƙuri da shi, shi ya kashe sabuwar. Ni na kashe ta.

Hans Camenzind ya zana wannan ai-si a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fito da ita kasuwa a 1972. Tun daga nan kamfanoni barkatai ke yin tasu. Abin da suka haɗu a kai jerin ƙafafu ne da yanayin aiki: ta 8 wuta, ta 1 ƙasa, ta 3 mafita. Amma juriya, kowa da kiwon da ya karɓe shi. ICM7555 ta Intersil an rubuta mata 2 zuwa 18, ta NXP mai suna iri ɗaya 3 zuwa 16. Kai, ko a gida ɗaya ba a daidaita ba: Texas Instruments na yin NE555 da TLC555, ta farko ƙafarta ta 3 na tura miliamfa 200, ta biyu goma kacal. Sa ta biyun ta ja rile, ka ga ya yi shiru, ka ce jabu ce.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na ƙafafun shiga, wato ta 2 da ta 4 da ta 6. Ba a yarda wutar da ke kansu ta zarce ta ƙafa ta 8 ba. Ko a irin su LMC555 rarar da aka bari bolt 0.3 ce kacal. Sai ka ga mai gyara ya yi dabara ya sa 7809 ya rage wutar ai-sin zuwa 9, sannan ya ja waya daga kan batir mai 14 ya kai ƙafa ta 4. Ya kulle ƙofa ya bar taga a buɗe.

Ban ce babu jabu a kasuwa ba. Akwai, har waɗanda aka goge wa suna aka sake bugawa. Amma mun mai da kalmar mafaka, ba ma ko tsayawa mu auna. Takardar bayanin kowace ai-si tana intanet kyauta, shafin iyakokin bai wuce layi goma ba, kuma wayar da muke kallon ƙwallo da ita za ta buɗe shi. Yaran da muke koya wa sana'a abin da suka ji a bakinmu suke ɗauka.

Na mayar wa mai shagon nan na Kabo da NE555 da kuɗina, na sa masa 7809 a gabanta, na ce ya nemi kwantirola kafin batirin ma ya kumbura. Yaron kuwa na zaunar da shi ya karanta min haruffan da ke gaban 555 a kan duk ai-sin da ke cikin gwangwanin, muka ware su kashi huɗu.