An Ba Ka Kimiyyar Dabbobi Maimakon Likitanci? Kada Ka Yi Kuka Tukuna

Duk shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, sai Facebook ya cika da ƙorafi iri ɗaya: "Likitanci na nema, an jefa ni kimiyyar dabbobi." Abokai su taru a ƙarƙashin rubutun, wannan ya ce ka sake JAMB, wancan ya ce za ka ƙare da kirga ƙafafun kyankyaso. Idan kana cikin waɗanda abin ya faɗa wa bana, ɗan'uwa ko 'yar'uwa, ka ba ni minti biyar kafin ka yanke hukunci.

Bari in fara da gida. Wanda ya tashi a Geza ko wani ƙauye na ƙasar Bagudo ya san abin da zan faɗa. Muna yara, idan ruwa ya cika fadamu, can muke wuni: wanka, kamun kifi, korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Bayan wani lokaci sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Ba ma tsorata. Wasunmu har alfahari suke yi, wai alamar an fara zama namiji ke nan. Ni kaina na yi wannan wautar, kuma babu babban da ya ce min ciwo ne sai da na girma.

Tsargiya ce, kuma tsutsa ke kawo ta. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, ya yi yawa a can, ya fito ya ratsa fatar duk wanda ya shiga ruwan. Ba sai ka sha ba, tsoma ƙafa kawai ya isa. Tsutsar ta zauna a jijiyoyin jini kusa da mafitsara tana zuba ƙwai shekara da shekaru. Ƙarshenta ƙarancin jini, yaro ya kasa karatu, babba kuma tana iya lalata masa ƙoda ko ta kai shi ga sankarar mafitsara. Mata sun fi shiga uku, domin idan ta taɓa al'aura sau da yawa ana ɗaukarta ciwon sanyi ne, a yi ta shan maganin da ba nata ba, wani lokaci har da zargin da ke girgiza aure.

To wa ya gano duk wannan? Mutanen da suka ba da rayuwarsu ga abin da kake ƙyama. Wani Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara ganin tsutsar a birnin Alƙahira a 1851. Sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar a Masar cewa ta dodon koɗi take bi. Shekara 64 tsakanin ganin ɓarawo da gano ƙofar da yake shigowa.

Amma mutumin da nake so ka riƙe sunansa shi ne William Campbell. An haife shi a ƙasar Ailan a 1930. Ba likitan asibiti ba ne, kimiyyar dabbobi ya karanta, irin wadda kake kuka a kanta. Digirinsa na uku, wanda ya kammala a Amurka a 1957, a kan tsutsar hanta ya yi shi, dangin wadda mahauci ke yankewa ya jefar idan ya buɗe hantar saniya a kasuwar Bagudo. Daga nan ya shiga kamfanin magunguna na Merck, ya shafe shekara fiye da 30 yana neman maganin tsutsotsin dabbobi.

A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya aika wa kamfanin ƙwayoyin halitta da ya samo a cikin ƙasa. Campbell da abokan aikinsa suka gano ɗaya daga ciki tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa. Daga nan aka samu Ivermectin, aka fara sayar da shi a 1981 domin dabbobi. Shi ne dai wanda makiyayanmu ke yi wa shanu allurarsa har yau.

Da wani ne, nan zai tsaya. Amma sun lura maganin na kashe 'ya'yan wata tsutsa a jikin doki, kuma wannan tsutsar 'yar'uwa ce ga wadda ke makantar da mutane a bakin kogi, wadda wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ke yaɗawa. Campbell ya ba da shawarar a gwada a kan mutane. Abokin aikinsa Dakta Mohammed Aziz ya jagoranci gwajin farko a Dakar ta Senigal, kuma ya yi aiki. A 1987 kamfanin ya sanar zai riƙa ba da maganin kyauta da sunan Mectizan. Shi ne ƙwayar nan da ake auna tsawonka da sanda kafin a ba ka. Ka tambayi kakarka yadda ake ganin makafi a garuruwan bakin ruwa a da, yaro na jan babba da sanda. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar maƙwabciyarmu Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta rabu da wannan makanta. Shi kuwa Campbell sai a 2015 aka ba shi kyautar Nobel, yana da shekara 85.

Ka ga abin da nake nufi? Likita na duba mutum ɗaya bayan ɗaya, kuma Allah ya saka masa da alheri. Mai bincike kuwa, idan ya dace, yana iya raba miliyoyin mutanen da bai taɓa gani ba da ciwo.

Kada ka ce ai wannan aikin Turawa ne. Ka tuna kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu fiye da 650,000 a Najeriya. Ba allura, ba ƙwaya. An ci galabarsa ne da sanin yadda tsutsar ke rayuwa: a tace ruwan sha, a hana mai ciwon tsoma ƙafa a tafki. Masana 'yan ƙasa irin su Farfesa Luke Edungbola da Farfesa Eka Braide suka bi ƙauyuka, tare da Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon. An ga mutum na ƙarshe a 2008, aka ba Najeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Yawancinku ba ku taɓa ganin kurkunu da ido ba. Wannan rashin ganin, aikin wasu ne.

Na san me za ka ce: "Malam, ina aikin yi? Ɗakin gwajin ma ba wuta." Gaskiyarka. Ba zan yaudare ka ba, wannan hanya ba ta saurin kawo mota. Kuɗin bincike kaɗan ne a ƙasar nan, kuma akwai masu digiri a fannin da ke zaune ba aiki. Idan kuɗin gaggawa kake nema, nemi wata sana'a. Amma hanyar ba a toshe take ba. Akwai tsangayar likitan dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Ahmadu Bello a Zariya, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, akwai cibiyar binciken sammore da makantar kogi a Kaduna. Ga jami'o'i a Birnin Kebbi da Aliero, a ƙofar gida.

Kuma kana da abin da baƙo ba shi da shi. Magani na nan, Praziquantel, ana raba shi a makarantu, amma ba ya hana a sake kamuwa. Yaro ya sha yau, gobe ya koma rafi ɗaya. Wane tafki ne ya fi dodon koɗi mai ɗauke da cutar? A wane wata? Yaran da ba sa zuwa boko, 'ya'yan masunta da na ruga, wa ke kai musu? Kogin Kwara ya ratso iyakar Nijar da Binin kafin ya shigo mana ta wajen Lolo, mutane da shanu na tsallakawa kullum, tsutsa kuma ba ta san kwastan ba. Idan an yi magani a wannan gefe an bar wancan, me zai faru? Waɗannan tambayoyi ne na digiri, kuma amsarsu tana wurin wanda zai iya zama da Sarkin Ruwa ko Arɗo su yi magana da harshe ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko ba ka karanta kimiyya ba, akwai naka. Idan ƙaninka na fitsarin jini, ka daina dariya, ka kai shi asibiti a gwada fitsarin. Idan an zo rabon magani a makaranta, ka tabbatar ya ci abinci kafin ya sha, domin shansa da yunwa ke kawo jiri da amai. Kuma idan saƙon murya ya shigo WhatsApp cewa wai maganin hana haihuwa ne, kada ka tura gaba. Yatsanka ɗaya na iya hana aji guda shan magani.

Kai kuma da aka ba kimiyyar dabbobi, je ka yi rajista. Idan lokacin aikin kammalawa ya zo, kada ka kwafo na wani daga intanet. Ɗauki kwalabe, ka dawo gida, ka fara da rafin da ka yi wanka a ciki kana yaro.