Jirgin ɗaukar marasa lafiya: wa ke da ikon cewa ba za a tashi ba?



Tun ranar 6 ga Agusta 2025, da jirgin soja mai saukar ungulu ya faɗi a dajin Adansi Akrofuom kan hanyarsa daga Accra zuwa Obuasi, maganar jiragen nan ba ta bar bakin mutane ba. Mutum takwas suka rasu, ciki har da ministan tsaro Edward Omane Boamah, da Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed, da Alhaji Muniru Limuna, da ma'aikatan jirgin su uku. Allah Ya jiƙan 'yan uwanmu, Ya ba dukkan iyalai haƙuri. Rahoton bincike ya nuna iska mai dannawa ƙasa ce ta rinjayi jirgin cikin mummunan yanayi, kuma ba shi da na'urar gargaɗin kusantar tsauni.

Wancan ba jirgin marasa lafiya ba ne. Na kawo shi ne domin tun da gwamnati ta soma zancen sayen sababbi, ɗalibai a nan Atonsu suke tambayata: me zai hana a ware ɗaya don ɗaukar marasa lafiya? Tambayar tana kan hanya. Hukumar motocin asibiti ta ƙasa, wadda aka kafa a 2004, ta karɓi motoci 307 a 2020, amma duk a ƙasa suke tafiya, kuma wanda ya taɓa raka majinyaci daga asibitin Kumasi South zuwa Komfo Anokye cikin cunkoson yamma ya san abin da nake nufi. Jirage marasa matuƙi na Zipline, da suka fara aiki a 2019, jini da magani suke kaiwa, ba sa ɗaukar mutum.

Sai dai ƙarfen jirgin shi ne mafi sauƙi. Aikin yana wuyan mutanen ciki, kuma an raba musu amana biyu da ba a yarda ɗaya ta shiga hurumin ɗaya ba.

Matuƙi shi ke duba yanayin sama, da mai, da nauyin da jirgi zai iya ɗauka, da wurin sauka. Idan ya ce ba a tashi, magana ta ƙare. A Amurka, bayan haɗurra da dama, kamfanoni masu yawa sun ɗauki al'adar ɓoye wa matuƙi halin majinyaci har sai ya yanke hukunci a kan yanayi, don kada a ce masa jariri ne tausayi ya tura shi cikin hazo. Suna kuma da ƙa'idar cewa sai kowa a jirgin ya yarda ake tashi, amma mutum ɗaya ya isa ya hana. Da na fara jin wannan na ga kamar taurin zuciya ne. Daga baya na ga ya dace da abin da muka karanta a fiƙihu, cewa ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Wahalar a ƙasarmu ita ce ko ƙaramin ma'aikaci zai iya faɗa wa babban mutum a'a, ya kwana da aikinsa.

Likita da nas kuwa, yawancin aikinsu kafin tashi ne. A sama wuri ya yi ƙunci, ƙarar injin ba ta barin a saurari ƙirji, sai dogaro da na'ura. Iskar da ta maƙale a ƙirjin wanda ya yi haɗari tana kumbura idan jirgi ya yi sama, don haka sai an sa masa bututu tun a ƙasa. Su ke lissafa iskar numfashi da za ta isa tafiyar, su kuma miƙa bayani ga asibitin da zai karɓa.

Alhazanmu sun ga irin wannan aiki a Mina da Arfa, inda hukumar Hilal Ahmar ta Saudiyya ke ɗaukar marasa lafiya ta sama. Can ne tambayar muharrami kan taso, domin sau da yawa babu kujerar ɗan rakiya. Wannan larura ce, kuma miji ba shi da hujjar tsayar da jirgi don ba a tafi da shi ba. Ya ba da sunan magungunan da take sha, ya karɓi sunan asibitin, ya bi ta mota.