Rana Ba Ta Ƙarya, Sai Dai Mai Haɗa Waya Ya Yi

Duk wanda yake bin hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal a 'yan shekarun nan ya san cewa wutar sola ta daina zama baƙuwa a ƙasarmu. Farantanta, waɗanda 'yan kasuwa ke kira fanel, sun hau rufin shago da na masu cajin waya, sun kuma tsaya a kan rijiyoyin burtsatse. Dalili a fili yake. Tsakanin 2010 da 2020 farashin faranti ya faɗi ƙwarai a kasuwar duniya, sannan daga 29 ga Mayu 2023, da aka janye tallafin man fetur, janareta ya zama kayan mai hali. To, kayan da ya hau rufin shago ba shi da nisa da bakin gulbi. Masunta da masu fito na Gulbin Zamfara, wanda ya gangaro daga Gummi ya ratsa ƙasar Kebbe ya nufi Jega, suna daga cikin waɗanda suka fi kowa bukatar wutar da ba ta dogara da turken lantarki ba.

Abin da nake so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata a kai shi ne, kayan sun riga ilminsu isowa ƙauye. Talaka yakan sayar da akuya ya sayi faranti da batir, a haɗa masa da ka, kafin damina ta zagayo batir ya mutu, shi kuma ya yanke hukunci cewa sola yaudara ce. Alhali kuwa rana ba ta yi masa ƙarya ba. Lissafi ne ba a yi ba, waya ce ba a haɗa daidai ba. Wannan kuwa laifinmu ne mu 'yan boko kafin ya zama na ɗan kasuwa, domin mu aka koya wa lissafin, muka bar shi a cikin littafi.

Na zaɓi in yi misali da jirgin ruwa saboda babu inda kuskuren haɗin wuta yake saurin tonuwa kamar a kan ruwa. A Turai da Amurka masu ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska sun daɗe suna dogara da farantan sola, tun da ba su da injin da ke aiki kullum balle ya cika musu batir. Kwale-kwalenmu gora da filafili ke tuƙa shi, ko ɗan injin fetur, amma halin da yake ciki iri ɗaya ne da nasu: ruwa a ƙasa, inuwa mai yawo a sama, wuri ƙanƙane, ga shi in wuta ta tashi babu wurin gudu. Wanda ya iya haɗin da zai jure wa jirgi, haɗin ɗakin shan magani ko na makaranta ba zai gagare shi ba.

Kafin a shiga zance sai a fahimci kalmomi uku, kuma duk ɗan fadama zai gane su. Folt shi ne ƙarfin turin wuta, kamar ƙarfin da ke tura ruwa cikin tiyo. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana, kamar yawan ruwan da ke bin tiyon. Idan aka ninka folt da amfiya sai a sami wat, wato aikin da wutar ke yi. Idan kuma aka ninka wat da awannin da aka yi ana aiki, an sami abin da aka ci a yini.

Kuskure na farko shi ne a fara da tambayar farashin faranti. Tambayar farko ita ce, me za a kunna, kuma na awa nawa? Mu ɗauki jirgin masunci mai ƙwai uku masu wat 5, suna ci awa 6: wat-awa 90 ke nan. Cajin wayoyin hannu huɗu, kowace wajen 10: 40 ke nan. Ɗan famfon kwashe ruwan da ke tsatsafowa cikin jirgi, mai wat 40, na awa ɗaya: wani 40. Jimla 170 a yini. Ƙasar Sakkwato tana samun kimanin awa 6 na cikakkiyar rana a yini, amma mai hankali da awa 4 zai yi lissafi, domin akwai gizagizan Agusta da ƙurar hunturu. Faranti mai wat 100 zai ba da 400 a takarda; a cire kashi ɗaya cikin uku da zafi da waya da batir za su cinye, saura kimanin 270. Ya isa har da rara. Mai wat 50 kuwa wajen 130 zai ba da, wato kullum ana cin bashin batir, kuma batir bashi ne ke kashe shi.

Zafin nan da muka ambata yana bukatar bayani, domin jama'a da yawa suna zaton iyakar zafin rana iyakar wuta. Haske faranti yake ci, zafi kuwa cutarsa ne. Lambar da aka rubuta a bayansa an gwada ta ne a ma'aunin zafi 25, kuma duk hawan ma'auni ɗaya yana rage kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. A watan Afrilu a Tambuwal fuskar faranti tana iya wuce ma'auni 60. Saboda haka kada a manna shi a jikin kwano ko katako; a ɗaga shi a bar iska ta ratsa ƙarƙashinsa. A kan rufin gida ana ɗan karkata shi ya fuskanci kudu, amma a jirgin da ke juyawa kowace kusurwa shimfiɗa shi aka fi yi, a ɗaure shi tamau, a riƙa goge ƙura da kashin tsuntsu da tsumma mai laushi.

Kuskure na biyu shi ne batir. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da wuta mai yawa cikin ɗan lokaci ya ta da inji, ba don a yi ta tatsarsa dare guda ba. Wanda ya dace shi ne irin wanda aka ƙera don sola, shi ma in na darma ne kada a sha fiye da rabinsa. A misalinmu, 170 a raba da folt 12 ya ba da amfiya-awa 14 a yini. A tanadi na kwana biyu, 28. A ninka saboda ƙa'idar rabi, 56. Ashe batir mai 60 ake nema. A sa shi cikin akwati, a ɗaga shi daga ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, a bar masa kafar shan iska, domin batirin darma yana fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake cika. Kada kuma a kuskura a ajiye shi kusa da jarkar fetur.

Kuskure na uku, wanda ya fi kowane yawa, shi ne a jona faranti da batir kai tsaye don gudun kuɗin kwantirola, wato ɗan akwatin da ke daidaita caji. Farantin da ake kira mai folt 12 yana aiki ne a wajen 18, in kuma ba a ɗora masa komai ba yakan haura 21. Batir ba zai jure wannan ba. Zai tafasa, ruwansa ya ƙafe, ya kumbura. Kwantirola iri biyu ce. Mai araha, wadda ake rubuta PWM a jikinta, ta wadatar ga faranti ɗaya. Mai tsada, MPPT, tana mai da rarar folt ta zama amfiya, kuma kuɗinta yana fita ne in farantai sun yi yawa. Wajen haɗawa akwai tsari: batir ake fara jona wa kwantirola, sannan faranti; wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa.

Idan farantai biyu ne, sai a zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Ana iya jera su kai da wutsiya, jar wayar wannan ta shiga baƙar wancan. Folt zai ninka, amfiya ta tsaya yadda take. Amfanin haka shi ne waya ba sai mai kauri ba, illarsa kuwa inuwar da ta faɗa wa ɗaya tana rage wutar duka biyun, kamar jaki biyu a igiya ɗaya, in ɗaya ya turje ɗayan ma ya tsaya. Ana kuma iya haɗa su kafaɗa da kafaɗa, ja da ja, baƙa da baƙa; amfiya za ta ninka, folt ya tsaya, kowane faranti yana cin gashin kansa. A jirgi, inda gora da rumfa da buhuna da fasinjoji ke jefa inuwa kowane lokaci, a ganina hanya ta biyu ita ce daidai, muddin farantan masu folt ɗaya ne kuma an ƙara kaurin waya.

Waya ita ce inda ake yi wa talaka sata a ɓoye. Kasuwa cike take da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. A kankare ta da wuƙa, in cikinta ya yi fari a mayar wa mai ita. Ana son jan ƙarfe zalla, mai silli-silli ba sanda guda ba, domin girgizar jirgi tana karya sanda. Wuta mai folt 12 ba ta son doguwar tafiya, saboda haka a gajarta waya, kuma ga faranti mai wat 100 kada kaurinta ya gaza milimita murabba'i biyu da rabi. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da leda ba haɗi ba ne. Laima za ta shiga, tsatsa ta ci, wurin ya yi zafi. A ƙarshe, a sa fis a jar waya dab da kan batir. Batir ɗan ƙarami yana iya zubo ɗaruruwan amfiya in waya biyu suka haɗu, ya mai da waya garwashi a cikin jirgin katako. Kuɗin fis bai kai na kwanon shinkafa ba.

Wajibi ne kuma mu faɗa wa mutanenmu abin da sola ba za ta yi ba, domin mai talla ba zai faɗa ba. Injin jirgi mai ƙarfin doki 15 daidai yake da wat dubu 11 da 'yan kai, wato farantai masu wat 100 fiye da ɗari. Gaskiya ne a 2017 jihar Kerala ta ƙasar Indiya ta fara aiki da jirgin fito mai suna Aditya, mai ɗaukar mutum 75 da wutar rana, amma tun daga zane aka gina shi don haka. Farantinmu guda na fitila ne da waya da famfo. Haka kuma fitila ba lasin tafiyar dare ba ce, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana, ba ta kuma maye gurbin rigar ruwa, ba ta rage lodi. Rayuka 29 da suka salwanta a hatsarin jirgin Gidan Magana, a ƙaramar hukumar Shagari maƙwabciyar Tambuwal, a watan Afrilun 2022, sun isa tunatarwa cewa ruwa ba ya karɓar uzuri. Amma jirgin da magariba ta riska a tsakiyar gulbi, gara a ce yana da hasken da za a hango shi da wayar da ke da cajin neman agaji.

Wani zai ce wannan aikin masu gyaran wuta ne, ba na mai digiri ba. Wannan girman kai ne ya kai mu inda muke. Tun 1982 aka kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a jami'ar da yau ake kira Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ta taɓa haska ƙauyen Kwalkwalawa da wutar rana tun sola ba ta shiga kasuwa ba. Ilmin ya haura shekara arba'in a jiharmu. Ina amfaninsa in bai yi tafiyar 'yan awanni ya isa Kebbe ba? Ina amfanin ɗalibin da ya ci jarrabawar kimiyya, amma aka cuci kawunsa a gabansa da wayar bogi bai ce uffan ba?

Bisa ga haka nake ba da shawara uku. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin Tambuwal da Kebbe su keɓe mako guda a dogon hutu, su nemi izinin hakimai da sarakunan ruwa, su koya wa samarin bakin gulbi wannan lissafi da Hausa, da faranti da batir a gabansu. Sassan kimiyya da aikin injiniya su fitar da takarda mai shafi ɗaya, da boko da ajami, mai zanen haɗi daidai, a manna a tasha da mashigi. Matasan ma'aikata kuma, waɗanda takardun kwangila ke bi ta hannunsu, su daina sa hannu a kan aikin sola wanda bai faɗi girman faranti da irin batir da kaurin waya ba, bai kuma ambaci wanda za a koya wa gyara a garin ba. Fitilun titi da famfunan sola da suka mutu a garuruwanmu shaida ne cewa saye ba shi ne wuya ba, riƙo ne.

Kuɗin talaka aka tara aka ilmantar da mu. Rana tana fitowa kyauta a kan Gulbin Zamfara kowace safiya, ba ta taɓa saɓa alkawari ba. Saura namu alkawarin.