Na Jingine Keke, Na Koma Tuƙa Jirgi a Cikin Zaure

Shekara 19 na yi ina taka keke daga Matamaye zuwa makarantar ƙauyen da nake koyarwa, kilomita 14 zuwa, 14 dawowa, rani da damina. Idan an ba da hutu nakan bi ta Takeita in taka har Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 80, in kwana wurin ƴan uwa, washegari in juyo. A lokacin ban taɓa kiran wannan abu motsa jiki ba. Talauci ne kawai da rashin abin hawa. Sai da aka dawo da ni cikin gari, na ci bashi na sayi babur, sannan na gane abin da keken nan yake biya mini ban sani ba.

Shekara huɗu kacal bayan na hau babur, wandunana suka daina shiga, hawa ƴar tudu ya koma aiki, likita kuma ya auna ni ya ce jinina ya hau. Malaman da muka fara aiki tare, duk wanda na tambaya sai in ji irin labarina: wannan hawan jini, wancan ciwon suga, wancan gwiwa. Mun samu ci gaba, amma irin na mai haƙa rijiya.

Na yi ƙoƙarin komawa kan keke, abin ya ƙi. Hanyar da ta nufi iyakar Najeriya ta cika da manyan motoci da ƴan kabu-kabu masu gudu kamar za su tashi sama. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, da hunturu kuma ƙura ce take cika ƙirji. Ga kuma bakin mutane. Duk wanda ya gan ni sai ya tsaya ya ce, "Mushe, lafiya? Babur ɗin ya lalace ne?" A wurinmu mai furfura a kan keke alama ce ta karayar arziki. Sati uku na yi na haƙura.

A wani taron ƙara wa juna sani a Yamai na fara ganin injin tuƙa jirgin ruwa, a ɗakin motsa jiki na masaukin da aka sauke mu. Kujera ce ƙarama mai zamewa a kan dogon ƙarfe, da wurin ɗaure ƙafafu, da sanda mai sarƙa wadda idan ka ja take juya fanka. Iskar da fankar take karo da ita ce take ba da nauyi, gwargwadon ƙarfin janka gwargwadon nauyin da za ka ji. Na tambayi kuɗinsa, aka ce sabo yana kai kusan dalar Amurka 1,000, wato fiye da jaka 500, ban da kuɗin ɗauko shi. Na yi dariya na bar wurin.

Abin da ya dawo da ni kan maganar shi ne tarihin injin. Wasu ƴan uwa biyu ne ƴan wasan tuƙi a jihar Vermont ta Amurka, masu kamfanin Concept2, suka fito da nasu na farko a 1981, domin sanyi yana daskarar da ruwa a can ya hana su atisaye. Kuma da ƙafar keke suka haɗa shi. Da na karanta haka sai na ce, to ai keke ne da ni a jingine yana cin tsatsa, masu walda kuma ba su ƙare a Matamaye ba. Na nuna wa wani yaro mai walda hotuna a waya. Ya cire ƙafar baya da sarƙarta, ya ɗaura mata fikafikai na roba, ya sa boris a ƙarƙashin kujera, ya yi amfani da tsohon tubu don mayar da sarƙa. Sau uku muna warwarewa muna sake ɗaurawa. Ba shi da agogon lissafi irin na Turawa, ƙara kuma gare shi kamar injin markaɗe, amma yana aiki. Shekara biyu ke nan yana zaurena.

Ga wanda ya saba da keke, akwai tarkon da ni na faɗa ciki. Ƙafafuna da numfashina sun san wahala, don haka ranar farko na zauna na yi rabin awa ina fizga da hannuwa. Kwana uku ina salla a zaune saboda ciwon baya, tafin hannuna duk bororo. Keke yana gina cinya da huhu, amma baya da kafaɗu da hannuwa suna hutawa ne a kansa. Daga baya na koyi cewa mafi yawan ƙarfin tuƙi daga ƙafafu yake fitowa. Ka fara tura ƙafafu, sannan ka ɗan kishingiɗa da baya a miƙe, sannan hannuwa su kawo sandar ƙasan ƙirji. Wajen komawa sai ka juya tsarin: hannuwa, baya, sannan gwiwoyi su lanƙwashe. Komawar kuma a hankali ake yin ta, ta fi jan ɗaukar lokaci. A kan keke ƙafa tana iya juyawa sau 80 ko 90 a minti ɗaya, a nan kuwa ja 20 zuwa 24 ya isa. Wannan haƙurin ne ya fi ba ni wuya. Na koma minti 10 a rana, ina ƙara kaɗan duk mako, yanzu ina yin rabin awa bayan sallar asuba, sau biyar a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 a mako, kun ga na cike ke nan ban fita ƙofar gida ba. Ban daina shan maganin hawan jini ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya daina, amma awona ya daidaita, barci ya dawo, ina iya tsayuwa gaban allo har a tashi ban nemi kujera ba.

Na san abin da wasu za su ce, don an faɗa mini a gabana: tuƙa jirgi a ƙasar yashi, wannan ai kwaikwayon Nasara ne. Wani abokina ya ce in ina son wahala in je in taya shi saran rake a fadama. Yana da gaskiya ta wani ɓangare. Manomin da ya wuni da hauya, da matar da take daka tana jan guga, ba su da buƙatar injina, abinci da hutu suke buƙata. Maganata da mu ce, masu albashi, masu zama: malami, ma'aikacin ofis, mai shago, waɗanda tafiyarmu ta yini ba ta wuce daga ƙofar gida zuwa kan babur. Kuma wanda yake ganin tuƙi ba namu ba ne ya tuna da Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu a Yamai, wanda ya wakilci Nijar a wasannin Olamfik na Landan a 2012 bayan atisayen kusan wata uku kacal. Na ƙarshe ya zo, amma bai tsaya ba sai da ya cike mita 2,000, ƴan kallo kuma suka miƙe suna tafa masa.

Ga abin da nake roƙo. Ƴan uwana malamai, muna yin adashi don sayen babur da ragon layya. Me zai hana malaman makaranta ɗaya su haɗa kuɗi mai walda ya ƙera musu inji ɗaya a ajiye a ɗakin malamai? Tsofaffin kekuna suna nan jibge a gidajenmu. Kwamitin COGES ma zai iya sa baki, domin malamin da yake kwance a asibiti ajinsa ne yake zama babu kowa, kuma mun san ba a turo wani a madadinsa. Sai dai mai hawan jini ko ciwon baya ya fara ganin likita kafin ya hau.

Iyaye kuma, hukumar nan ta lafiya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar awa ɗaya ta motsa jiki kowace rana. Yaron da yake zuwa makaranta a ƙafa ko a keke ya riga ya samu rabonsa. Idan ka miƙa masa makullin babur don tafiyar kilomita biyu, ka ƙwace masa wannan rabon, ka kuma jefa shi cikin haɗarin titi. Ku bar wa yara kekensu. Ni ban ce inji ya fi keke ba. Har gobe ina kewar iskar safiya da gaisuwar mutanen gona, zaure ba ya ba da wannan. Injin na wanda hanya ta gagara ne.

Akwai kuma waɗanda hanya ta daɗe da gagararsu. Da zarar yarinya ta fara girma muna sauke ta daga keke, mu hana ta guje-guje, sannan mu yi mamaki idan ta kai shekara 40 gwiwa ta ƙi ɗaukarta. Ban shirya haka ba, amma a gidana wadda ta fi kowa amfani da injin nan ita ce uwargida, sai ƴata mai aji uku a sakandare. Suna jira in fita su ja shi zuwa tsakar gida, babu mai ganinsu balle ya yi magana. Kwanan baya maƙwabciyarmu ta aiko a tambaye ni ko yaron nan mai walda zai ƙera mata nata, ta ce akwai keken marigayi mijinta a ɗaki. Na ce ta kawo shi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.