"Ai kin huta": maganar da na janye

1/ Duk wadda aka ce mijinta ya samu karatu a waje kuma zai tafi da ita, abu ɗaya muke ce mata: "Ai kin huta." Ni ma haka na ce wa Yayata a filin jirgin Kano a farkon 2023. Na janye maganar, ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

2/ Mijinta malamin jami'a ne, ya samu gurbin digiri na uku a Malesiya. Suka ɗauki yara biyu suka sauka a Serdang, kusa da Kuala Lumpur. Kowa a gida ya ce da sauƙi: ƙasar Musulmi ce, abinci halal, ba ƙanƙara, zafi ne irin namu.

3/ Zafin nan fa ba irin namu ba ne. Namu busasshe ne, in ka watsa ruwa ka samu inuwa shi ke nan. Nasu jiƙaƙƙe ne, gumi ba ya bushewa a jiki. Ba hunturu, ba bazara, ruwa yana iya sauka da la'asar a kowane wata, da tsawa kamar sama za ta tsage.

4/ Ta yi wanki ta shanya, kwana biyu yana warin danshi. Takalman da ta adana suka yi fumfuna. Kukar da Hajiya ta daka mata ta dunƙule, kilishi ya lalace kafin wata guda. Ta ce ranar da ta zubar da kilishin nan sai da ta yi kuka, kuma ta san ba kilishin take yi wa ba.

5/ Ga sauro. Mu mun saba sauro na dare ne, ka shige gidan sauro ka huta. Wanda ke kawo zazzaɓin dengi a can da rana yake cizo. Uwa mai ƙananan yara ta yi yaya da wannan?

6/ Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da nake son faɗa: in iyali suka tafi waje, ba daidai suke raba wahalar watannin farko ba. Maigida yana fita da safe, yana da malaminsa, da abokan karatu, da 'yan Najeriya da yake haɗuwa da su a masallaci. Yara kuwa sun fi manya saurin sabo, cikin 'yan makonni sun fara kwaɓa yaren Malay.

7/ Ita fa? Bizar rakiya aka ba ta, wadda ba ta ba da izinin yin aiki. Matar da take koyarwa a nan, take adashi, ba a suna ba a biki sai da ita, sai ga ta a hawa na sha huɗu daga safe har magariba. Ba mai sallama, ba mai leƙowa aron turmi, ba yaron da za a aika.

8/ Za ku ce ai akwai waya. Malesiya tana gabanmu da awa 7. Ƙarfe goma na safe, lokacin da gidan ya yi mata tsit, mu ƙarfe uku ne na dare. Lokacin da muke baje hira a gurup ɗin gida bayan isha'i, ita tana tsakiyar barci. Da safe ta tarar da saƙo ɗari biyu, an gama dariyar ba da ita ba.

9/ Sallar farko ma haka. Ta zaci za ta ga gari ya cika, ashe mutanen birni garuruwan iyayensu suke komawa, suna kiran abin balik kampung. Unguwa ta yi wayam. Ta yi tuwon Sallah ta rasa gidan da za ta aika wa.

10/ Ba zan ɓoye ba, neman gidan haya ma sun sha. Masu gida uku, da jin Najeriya sai su ce an riga an kama. Amma kuma wata dattijuwa 'yar ƙasar ce ta fara ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwanon abinci, ita ta nuna mata kasuwa da asibiti. Allah Ya saka wa matar nan.

11/ Yanzu laifinmu, mu na gida. Ta sa hoto ɗaya a gaban tagwayen benayen Petronas, muka yanke hukunci ta gama jin daɗin duniya. Wannan ta ce a sayo mata mayafi, wancan ya ce waya. A shekarar da Naira ta zube fa, kuɗin da ke zuwa daga gida in an canza zuwa ringit ya koma ba komai ba.

12/ Sau ɗaya ta ce ta gaji. Wata gwaggonmu ta ce: "Ki gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba." Daga ranar ba ta sake ba. Wata biyar tana ce mana lafiya lau. Godiya daban, kaɗaici daban, don Allah mu daina haɗa su.

13/ Na san wani zai ce to ta zauna a gida mana. A'a, ni ban ce kada a tafi ba, raba iyali shekara uku ko huɗu ma nasa ciwon ne. Na dai ce maigida ya fara yin gaba. Ka kama gida kusa da inda matan 'yan uwa suke ko da ya fi nisa da makaranta, ka tambayi kuɗin makarantar yara, sannan ka aiko su taho. Kuma in ka dawo da yamma, Malam, ajiye kwamfutar nan. Kai ne mutum na farko da ta gani yau.

14/ Yanzu ta ware. Ta samu mata 'yan uwa suna karatu duk Asabar, ta gano garin da ake tuƙa tuwo da shi a shagunan Indiyawa, kuka kuwa a firij take kwana. Har ciniki take yi da yarensu.

15/ Ni dai in na idar da sallar asuba ita nake fara kira, azahar ta kusa ke nan a can. Har yau wayar ba ta taɓa ƙara sau biyu ba ta ɗaga ba.