Bakin atamfa ya daina faɗin gaskiya

Macen da ta san zane, kafin ta tambayi kuɗi, bakin atamfar take fara dubawa. A nan ake buga sunan kamfani da ƙasar da aka yi ta da lambar zanen. A da wannan rubutun shaida ne. Yau a Kantin Kwari sai ka ga turmi an rubuta masa Holan, alhali jirgin da ya ɗauko shi daga Sin ya taso. A ce auduga zalla, ka saka a zafin watan Afrilu ka ji kamar leda ka ɗaura. A ce yadi shida, tela ya auna ya ce hajiya ɗankwali ba zai fita ba.

Ba na cikin masu cewa a hana shigo da kayan Sin. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007, talaka kuma dole ya suturta iyalinsa. Atamfar roba mai araha tana da masu sonta. Laifin shi ne a sa mata rigar Vlisco, kamfanin Holan da ke garin Helmond tun 1846, ko a liƙa wa shadda tambarin Getzner na Ostiriya, a sayar wa mai haɗa lefe da kuɗin ta gaske.

A Amurka, dokar 1958 ta wajabta a rubuta irin zaren da ke jikin tufa da kason kowanne, da ƙasar da aka yi ta, da kamfanin da ke da alhakinta. Mu ma ba rashin doka ne ya dame mu ba. Akwai hukumar SON da ke tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, akwai dokar kare masu saye ta 2018 da ta haramta bayanin ƙarya a jikin haja. Sai dai Bature rigarsa a ɗinke yake saye, ya juya wuyanta ya karanta ɗan ƙyallen da ke ciki. Mu yadi muke saye mu kai wa tela. Ƙa'idar da ba ta sauko kan bakin zane da takardar da ake manna wa turmi ba, ba ta taɓa cinikinmu ba.

Kuma mu daina ɗora wa ɗan Sin laifin shi kaɗai. Masaƙa abin da aka ce ta buga take bugawa. Sau da yawa namu ne ke zuwa Guangzhou da samfurin zane a jaka, ya zaɓi zaren, ya rage tsawon, ya faɗi sunan da za a rubuta. 'Yan kasuwa sun san haka, kwastan ma sun sani. Gana ta kafa rundunar kama jabun atamfa a 2010, aka yi ta ƙona wanda aka kama, amma mai ƙaramin shago ne ya fi kuka, shi da ba shi ya yi odar kwantena ba.

Shi ya sa nake ganin abu ɗaya ya fi kame-kame amfani: kowane turmi ya ɗauki sunan wanda ya shigo da shi da lambar rajistar kamfaninsa, kusa da tsawon yadin da irin zaren, da Turanci da Hausa. Wanda ya san sunansa na jikin kaya zai yi tunani kafin ya ce a rage rabin yadi, domin mai shago zai san ƙofar da zai mayar da dilar, hukuma ma ta san wanda za ta kira. Ƙungiyar 'yan Kwari tana iya fara wannan a tsakanin manyan dilolinta ba tare da ta jira Abuja ba.