Ƙarƙashin Teku: Ba Shiga Ke Da Wuya Ba, Fita

Ran 23 ga Janairu, 1960, waɗansu mutane biyu, Jacques Piccard ɗan ƙasar Suwizalan da Laftana Don Walsh na sojan ruwan Amurka, suka nutsa cikin jirgin bincike mai suna Trieste zuwa wurin da ya fi ko'ina zurfi a duniya, watau ramin Mariana da ke tekun Fasifik. Zurfinsa ya kusa kilomita 11. Tun a 1875 jirgin Ingila mai suna Challenger ya gwada zurfin wannan yanki da igiya da dalma, amma ba wanda ya taɓa zuwa ƙasan.

Hikimar da mahaifin Jacques, watau Auguste Piccard, ya yi wajen tsara jirgin ita ce abin lura. Ya san kai abu ƙasan ruwa ba wuya, ko dutse ya iya. Abin tunani shi ne komowa. Saboda haka ya yi wa jirgin wani ƙaton tanki a bisa, aka cika shi da fetur, domin fetur bai kai ruwa nauyi ba, kuma ba ya matsuwa kamar iska. Ƙarƙashin tankin aka rataya ɗan ɗakin ƙarfe mai siffar ƙwallo, kaurin bangonsa inci 5, inda mutanen suke zaune. Sa'an nan aka ɗora wa jirgin tan 9 na ƙwayoyin ƙarfe, waɗanda maganaɗisun lantarki yake riƙe da su. In wuta ta ɗauke, sai ƙarfen ya zube da kansa, fetur ya ɗago jirgin sama. Ashe ko lalacewar na'ura ma hanyar tsira ce.

Sun yi kusan awa 5 suna gangarawa cikin duhu. Da suka kai wajen mita 9,000 sai suka ji wata ƙara, jirgin ya girgiza, ashe wata taga ce ta waje ta tsage. Duk da haka suka isa ƙasa, inda matsin ruwa ya fi na iskar da ke doron ƙasa sau dubu. Suka yi minti 20, suka zubar da ƙarfe, suka taso lafiya cikin awa 3 da 'yan mintoci. Ba wanda ya sake zuwa can sai a 2012, lokacin da James Cameron ya je shi kaɗai.

To, ran 18 ga Yuni, 2023, ƙaramin jirgin nan Titan ya nutsa a tekun Atlantika don kallon ɓaraguzan Titanic, a zurfin mita 3,800 kawai. Masana sun riga sun yi gargaɗi game da ƙirarsa, kuma ba wata hukumar tantance jirage da ta tabbatar da ingancinsa. Ruwa ya murƙushe shi, mutum 5 suka halaka.

Bakin rijiya dai ba wurin wasan makaho ba ne. Duk mai shirin aikin da rayukan mutane suka rataya a kansa, ya kamata ya fara tanadin hanyar fita kafin ya nemi ƙofar shiga. Allah ya kiyaye.